Daga Aji Ɗaya Zuwa Aji Shida a Minna

Ruwa bai kankama a Zariya ba lokacin da na kama hanyar Minna a watan Mayun 2025, amma tun daga wajen Tafa ƙasa ta fara sauya kama. Ciyawa ta tsiro, gonaki sun sha huɗa, ga kunyoyin doya reras har inda ido ya tsaya. Direbanmu ya ƙi bin hanyar Sarkin Pawa duk da ta fi yanke, kuma babu fasinjan da ya ja da shi, don kowa ya san dalili: rashin tsaro. Sai muka miƙe titin Abuja har mahaɗar Dikko, inda tankar mai ta fashe a watan Janairun shekarar ta hallaka sama da mutum 80. Mota ta yi tsit da muka iso wurin. Wata dattijuwa a bayana ta yi musu addu'a, muka shafa, muka karya kwana zuwa yamma.

A Lambata, inda hanyar Lapai da Bida ta rabu, mangwaro ne tuli-tuli a bakin titi, ga matan Gwari suna tafe da kaya a kafaɗa, kamar yadda al'adarsu take, ba a ka ba. Muka wuce Paiko muna kutsawa tsakanin tireloli, muka shiga ta Chanchaga da la'asar sakaliya. Duwatsu sun kewaye garin, kuma zafinsa mai gumi ne, ba irin busasshen zafinmu na arewa ba.

Ƙanwata ce ta kira ni. Malamar firamare ce a wata makarantar gwamnati cikin tsofaffin unguwannin garin, kuma ta daɗe tana ce mini, "Yaya, in kana son sanin halin da ilimi ke ciki, zo ka wuni a ajina." Ta nemar mini izini wurin hedimasta, ya ce ba ajinta kaɗai ba, in bi baranda daga wannan ƙarshe zuwa wancan, in zauna inda na ga dama.

Sai mutum ya san Minna kafin ya gane ajin firamarenta. Asalinta ƙasar Gwari ce. Jirgin ƙasa ne ya raya ta: layin dogo daga Baro zuwa Kano, wanda aka kammala a 1911, ya ratsa ta nan, sannan layin Ikko ya zo ya haɗe da shi. Leburori da 'yan kasuwa da akawuna suka kwararo, Hausawa da Nufawa da Yarabawa da Ibo, suka cika unguwanni irin su Limawa da Kwangila da Sabon Gari. A nan aka haifi marubuci Cyprian Ekwensi a 1921, haka ma Ben Okri a 1959. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976, Minna ta zama babban birninta. Jikokin waɗancan baƙi da na masu ƙasa su ne yau ke zaune a benci ɗaya, kuma Hausa ce harshen da suke faɗa da shiri da shi a filin wasa, ko da ba ita ake yi a ɗakin uwar kowa ba.

Kafin bakwai da rabi yara sun cika harabar. 'Yan aji huɗu da biyar na shara, ƙura na tashi, wasu na ɗebo ruwa a bokiti suna yayyafa wa azuzuwa. Ƙararrawar makarantar tsohon ƙarfen tayar mota ne a rataye jikin bishiyar mangwaro, kuma yaron da ke kaɗa ta ya riƙe aikin da daraja, har da agogo a hannu. Aka yi layi aji-aji. Aka yi addu'a ta Musulunci, aka yi ta Kirista, kowa ya nutsu ga ta ɗan'uwansa. Sannan taken ƙasa. A watan Mayun 2024 ne aka dawo da tsohon take na 1960, wanda aka ajiye tun 1978, don haka yawancin malaman ma tare da ɗalibansu suka koye shi. 'Yan aji ɗaya suka fi kowa ɗaga murya, su da ba su daɗe da ɗayan a baki ba. Malamai suka bi layi suna duba farce da gashi da wuya, 'yan latti suka tsaya gefe suna tsintar leda, aka buga ganga, kowane aji ya yi maci zuwa ɗakinsa.

A aji ɗaya na fi daɗewa, kuma da gangan.

Bencin da aka yi domin yara uku biyar ne a kai, sauran suna kan tabarma a gaban allo. Wasu shekara shida, wasu ba su kai ba, an dai haɗo su da yayyensu don uwa ta samu ta tafi kasuwa. Kiran rajista kaɗai aiki ne. Bayan shi ƙanwata ta rubuta wasula biyar a allo, ta ɗora musu baƙi guda, aka shiga rerawa da tafi. Wannan kowa ya sani, mu ma haka aka yi mana. Abin da ban sani ba shi ne abin da ke biyo baya. Ta tsayar da amshin gaba ɗaya, ta fito da gwangwani cike da murafen kwalba, kowane da gaɓa guda a rubuce a cikinsa. Ta raba yaran gungu-gungu a ƙasa, ta zuba wa kowane gungu nasa, ta ce su haɗa biyu su faɗa mata abin da ya fito. Ta ce mini amshi yana ɓoye yaro. In aji ya ɗauka gaba ɗaya, ba ka sanin wa ya gane, wa ke motsa baki kawai.

Wata 'yar ƙarama mai hijabi har ƙasa ta jera murafe biyu, ta karanta na farko, ta karanta na biyu, ta sake, ta ƙara sauri. Sai ta ɗago kai da ƙarfi ta ce, "Malama, doya ce! Doya!" Uwarta doya take sayarwa a Kasuwar Gwari. Ta tashi ta bi gungu-gungu tana nuna wa 'yan'uwanta, ba wanda ya hana ta. Na ga bukukuwan yaye ɗalibai da riguna da huluna, amma ban ga abin da ya kai wannan ba, domin a nan ne yarinya ta gane cewa zanen da ke kan marfin kwalba magana ce irin wadda ake yi a gidansu. Duk wani karatu da za ta yi a duniya, ta wannan ƙofa zai shiga.

Sauran aikin ba shi da armashi ga mai kallo. A kama hannun yaro a gyara masa riƙon fensir. A fere fensir da reza, a karya shi biyu don wanda bai zo da nasa ba. A raba faɗa, a share hawaye, a raka wani bayan gida. Lissafi da 'ya'yan tsamiya ake yi da tsinkayen tsintsiya ɗaure goma-goma. Wanda ba shi da littafi yana fita baranda ya yi rubutu a ƙasa da yatsa. Alli in ya ƙare kafin a kawo, daga jakarta take saye. Akwai wani yaro Bagwari da aka kawo daga ƙauye, ba ya jin Hausa balle Turanci. Ta zaunar da shi kusa da wata yarinya mai jin harsunan biyu, ita ce tafintarsa, kuma ta ɗauki abin da gaske har takan ja masa kunne in ya yi wasa.

Wannan yaro shi ne tambayar da manyan ƙasa suka kasa tsayar da amsarta. Tsarin ilimi na ƙasa tun na 1977 ya ce a koyar da yaro a shekarun farko na firamare da harshen uwa ko harshen da ake yi a inda yake zaune, sannan Turanci ya karɓa. Tun kafin nan, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ile-Ife inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekaru shida na firamare, kuma ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin kansa. A ƙarshen 2022, lokacin Malam Adamu Adamu yana ministan ilimi, gwamnatin tarayya ta amince a yi dukkan shekaru shida da harshen uwa. Bayan dawowata daga Minna, a Nuwamba 2025, minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, aka ce Turanci ne daga farko har ƙarshe.

A Zariya ko Kano amsar tana da sauƙi a bakina. A Minna sai da na sassauta. Malamar aji biyu Bagwariya ce, kuma ta ce mini ba ta ƙi Hausa ba, da ita take koyarwa rabin yini, amma 'ya'yanta na cikinta yanzu da Hausa suke amsa mata in ta yi musu Gwari, kuma abin yana mata ciwo. Ba ta taɓa riƙe littafin koyon karatu na Gwari a aji ba. Tana da gaskiya, kuma ya kamata mu Hausawa mu ji wannan kuka da kunnen basira, domin abin da muke tsoron Turanci ya yi mana shi ne abin da harshenmu ke yi wa maƙwabta. Sai dai maganin ba shi ne a ɗora wa ɗan shekara shida harshen da ba ya ji a gida, ba ya ji a kasuwa, ba ya ji a masallaci ko a wasa ba. Abin da na gani da idona shi ne, kowace irin takarda aka sa wa hannu a Abuja, malamar aji ɗaya da abin da yaro zai gane take magana, in ba haka ba aji ya watse mata. Da a ce an buga mata littattafai da Hausa da Gwari da Nufanci, da an taimake ta a kan abin da take yi dama.

Aji biyu ban daɗe ba. Tarawa da ɗebewa, sunayen ranaku da watanni, waƙar sassan jiki da Turanci ana taɓa kai da gwiwa. Ido na ya tsaya a kan wani dogon yaro a bencin baya, wanda ya isa aji biyar a shekaru. Malamar ta ce daga yankin Shiroro iyayensa suka gudo, kuma ya yi shekaru ba makaranta. Ba ya son a tashe shi gaban ƙanana, don haka ta ba shi riƙon makullin akwati da goge allo, da haka ta samu yake zuwa kullum.

Sai aka kaɗa tara. Masu talla sun riga sun jeru a gindin katanga: awara, ƙuli-ƙuli, ɗanwake, rogo da yaji, mangwaro, ƙanƙarar zoɓo a leda. Mai kuɗin tara ya saya, abokai su kewaye shi, marar shi ya yi kamar wasa ya fi damunsa. 'Yan mata sun zana 'yar gala-gala a ƙasa, wasu na carafke, wasu na tsallen igiya. Maza sun raba fili da ƙwallon da aka ɗinke ya fi sau nawa, ƙanana na langa a gefe. Malaman suka tuna mini da shirin ciyar da ɗalibai na gwamnatin tarayya da aka ƙaddamar a 2016, na 'yan aji ɗaya zuwa uku, a kan naira 70 kowane yaro, daga baya aka mai da shi 100. Sun ce lokacin da kuloli ke zuwa, aji har ba ya ɗaukar yara, kuma ba a gudu bayan tara. An dakatar da shirin a farkon 2024. Yanzu bayan tara sai ka ga gurabe a benci, musamman ranar da aka fito gida ba a karya ba. Ƙanwata takan ajiye ƙullin ƙuli-ƙuli a jaka saboda masu kwantar da kai a kan tebur tun ƙarfe goma.

Aji uku jadawalin sau ne ke tashi, ana jin sa har titi. A nan ake barin fensir a fara sha'awar biro, a nan kuma ake fara kwafar dogon rubutu daga allo.

Aji huɗu ne ya hana ni barci. Darasin kimiyya ake yi, a kan yadda tsiro ke fitowa, kuma an cika allo da Turanci. Yara sun duƙufa suna kwafa. Na leƙa littafin wani yaro, rubutunsa kamar a wanke a sha, layi a miƙe, ba gogewa. Na ce, "Ɗana, karanta mini abin da ka rubuta." Ya dubi littafin, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Ba taurin kai ba ne, ba kuma daƙiƙanci ba. Zana haruffan yake yi ɗaya bayan ɗaya yadda ya gan su, kuma ya shekara yana haka ba wanda ya lura, saboda littafinsa kullum a cike yake. Ta kusa da shi ta karanta nata tiryan-tiryan. Benci ɗaya, malami ɗaya, amma ita ta tsallake, shi yana can baya, kuma kowace shekara za a ciyar da su gaba tare, tazarar na ƙara faɗi. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimta. Na daɗe da sanin wannan adadi. Ban taɓa zama kusa da shi a benci ba sai ranar.

Malamin ajin dattijo ne Banufe, cikin 'yan ƙalilan da suka rage daga zamanin kwalejojin horon malamai masu ba da shaidar daraja ta biyu, kafin a mai da NCE mafi ƙarancin abin da ake nema. Bai ɓoye komai ba. Ya ce ya san su ɗaya-ɗaya, waɗanda ba sa karatu, kuma manhaja ba ta ba shi sa'ar komawa baya ba. Mai duba makarantu in ya zo, littafin shirin darasi yake buɗewa ya ga ko an kai mako na kaza. Ya ce, "Malam, doya ba ta wuce girman kunyar da aka tula mata. Abin da aka yi a aji ɗaya da biyu, shi nake haƙa a nan." Duk da haka bai naɗe hannu ba. Yakan ware minti goma sha biyar na ƙarshen yini, ya haɗa mai iyawa da marar iyawa, su bi gaɓa-gaɓa da Hausa. Ya ce wanda ya iya karanta Hausa, cikin zango guda yake fara kama Turanci, don ya riga ya san harafi sauti yake ɗauke da shi.

Aji biyar ya wanke mini zuciya. Wani matashin malami ya zana taswirar Neja a bango da fenti, da ƙananan hukumominta 25, jihar da ta fi kowace faɗin ƙasa a Nijeriya. Darasin tarihi ake yi, wanda aka dawo da shi cikin manhajar firamare bayan an shekara da shekaru ba a yi. Bai sa su haddar komai ba. Ya tambayi kowa garin kakansa, yaro ya fito ya nuna a bango, shi kuma ya ɗora labari. Ɗan Bida ya nuna, aka yi maganar masu tagulla da masu narka kwalba su yi munduwa. Aka nuna Zungeru, ya ce nan ce hedikwatar Turawa ta Arewa kafin a koma Kaduna, kuma a nan aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904. Aka nuna Kainji, madatsar ruwan da aka gama a 1968, da Shiroro ta 1990. Da wata yarinya ta ɗora yatsa a kan Kagara, aji ya yi shiru, don sunan da abu ɗaya suka san shi. Malamin ya ce musu a wannan gari aka haifi Abubakar Imam a 1911, mai Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, kuma ranar Juma'a zai karanta musu labari daga ciki. Yarinyar ta koma wurin zamanta da kai a sama. Bayan ajin akwai ɗan lambun makaranta, an shuka gyaɗa da kuɓewa da ruwan farko, kowane layi da sunan gungun da ke kula da shi. A kusurwar ɗaki kuma ga aikin hannu a tare: tsintsiya, maburgi, faifai, da tukwanen yumɓu ƙanana da 'ya'yan Gwari suka fi kowa iyawa.

Shirun da aka yi wa Kagara yana da tushe. A 17 ga Fabrairu 2021 aka kwashe ɗalibai da ma'aikata daga kwalejin kimiyya ta garin. A 30 ga Mayun shekarar aka shiga Islamiyyar Salihu Tanko a Tegina aka tafi da yara sama da ɗari, yawancinsu sa'o'in waɗannan da ke gabana, sai ƙarshen Agusta suka dawo. A watan Afrilun shekarar, makarantar firamare ta IBB da ke kusa da fadar Sarkin Minna ta zama masaukin mutanen da suka gudo daga Shiroro da Munya. Yaran Minna sun san waɗannan abubuwa ba daga rediyo ba, daga bakin wanda suke raba benci da shi.

'Yan aji shida su ne manya. Cikinsu ake naɗa shugabannin ɗalibai, su ke riƙe ƙofa, su ke buga ganga. Da hantsi na same su suna bitar tsofaffin tambayoyin jarrabawar shiga sakandare, malami na koya musu yadda ake cike ɗan akwatin amsa da fensir ba tare da an fita layi ba. 'Yan mata ba su gaza maza yawa ba a ajin, su ne ma a sahun gaba. Neja na cikin jihohin da shirin UNICEF na ilimin 'ya'ya mata ya yi aiki a cikinsu daga 2012 zuwa 2022, amma malamar da na tambaya ta fi ba iyaye mata lada: uwar da ke tsaye a kasuwa tana lissafin bashi da ka ta san abin da take so wa 'yarta.

Jarrabawar da suke bita gidanta a garinsu yake. Hukumar NECO, wadda ke shirya jarrabawar shiga kwalejojin tarayya da ta kammala sakandare, hedikwatarta na Minna a kan hanyar Bida. An kafa ta a 1999 a zamanin Janar Abdulsalami Abubakar, wanda shi kansa a firamaren En'e ta Minna ya yi karatu daga 1950 zuwa 1956. Na hau Keke Napep da yamma na je na ga ginin daga waje. Daga nan ake auna 'ya'yan ƙasar nan daga Sakkwato har Kalaba. Na tsaya ina tunanin yaron aji huɗu, wanda tsakaninsa da wannan gini tafiyar ɗan lokaci ce a keke. Muna kashe ƙarfi da kuɗi wajen awo a ƙarshe, da tsaro da hatimi da jami'ai, alhali abin da za a auna tun a aji ɗaya da biyu aka yanke shi, a hannun malamar da ke sayen alli da kuɗinta. Dokar UBE ta 2004 ta ce shekaru tara na farko na karatu kyauta ne kuma dole, ta kuma ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin haka. Yawancin abin da ido ke gani daga kuɗin gini ne da fenti. Gini abu ne mai kyau, na ga ajin da rufinsa ke yoyo, na san darajarsa. Amma ba a ɗaukar hoton yaron da ya iya karatu a liƙa a allon kwangila, shi ya sa ba a rububinsa.

Ana tashi, makaranta ba ta mutuwa. 'Yan fareti suka tsaya suna gwajin ranar yara ta 27 ga Mayu, ganga na tashi, wani malami na gyara musu jifan hannu. Sauran suka watse: wasu gida su ci abinci su sauya kaya zuwa Islamiyya har magariba, wasu su ɗauki farantin talla, wasu shagon ɗinki ko garejin kanikanci. Yaron Minna ɗan shekara tara yakan yi makaranta biyu da sana'a guda a yini ɗaya. Duk mai ba da aikin gida ya kamata ya san wannan.

Ranar Juma'a, da yake da wuri ake tashi, hedimasta ya tara malamai a ƙarƙashin mangwaro, ya ce in zauna. Maganar rabon azuzuwan shekara mai zuwa ce. Ya ce al'adar da ya tarar a makarantu ita ce a tura sabon malami ko ɗalibin kwalejin ilimi mai koyon aiki zuwa aji ɗaya, a ajiye gwanaye a aji shida saboda jarrabawa. Shi ya juya abin, kuma ba kowa ya ji daɗi ba, don akwai masu ganin aji ɗaya ragin daraja ne. Wata malama ta faɗi haka a fili, ta ce da digirinta ba za ta koma share majina ba. Ba a yi mata ca ba. An san nauyin ajin, an kuma san albashin bai bambanta ba. Dattijon aji huɗu ne ya ce shi a ba shi aji biyu, shekarun da suka rage masa kafin ritaya yana son ya yi su a can. Aka kuma tsayar da cewa waɗanda ba sa karatu daga aji huɗu zuwa shida za su riƙa zuwa rabin sa'a kafin layin safe, malamai na karɓa-karɓa, ba ko kwabo.

Sai hedimasta ya juyo gare ni. Ya ce, "Malam, tunda daga Zariya kake, garin maɗaba'ar Gaskiya da kamfanin NNPC mai buga littattafai, abin da muke roƙo ɗaya ne." Suna son littattafan koyon karatun Hausa irin waɗanda muka tashi da su, Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu, ko da tsofaffi ne. Da na koma gida na bi shagunan littattafai da gidajen abokai, na haɗa kwali guda na ba direba a tasha. Ƙanwata ta ce a ofishin hedimasta ake kulle su, don ƙofar ajin ba ta da sakata, kuma 'yan aji shida biyu ke ɗauko kwalin kowace safiya.

Karatun safen ya ci gaba har cikin sabuwar shekarar karatu. A Nuwamba 2025 aka sace ɗalibai da malamai sama da 200 daga makarantar St. Mary's da ke Papiri a ƙaramar hukumar Agwara, Gwamna Umaru Bago ya ba da umarnin rufe makarantun jihar, har da na cikin Minna. Da aka sake buɗewa na kira ƙanwata na tambaye ta yaron nan mai kyawun rubutu. Ta ce kafin rufewar ya fara haɗa gaɓa uku, amma dogon zaman gida ya kwashe masa rabi, kuma ba shi kaɗai ba. Dattijon ya sake zaunar da su daga wasula biyar, ya ce in akwai wani kwalin a turo, domin masu zuwa da safe sun fi littattafan yawa.